Idan Mai Gadi Ya Yi Barci

Duk wanda ya ratsa unguwar Maitama ta birnin Abuja, ya bi titin Aguiyi Ironsi ko ya karya ta titin Gana, abin da zai fara cika masa ido shi ne katanga. Manyan gidaje ne da ofisoshin jakadanci da na hukumomi, kowanne an kewaye shi da doguwar katanga an naɗa mata rawanin waya mai ƙaya, ga ƙofar ƙarfe, ga kuma ɗan ɗakin mai gadi a gefenta. Baƙo ba ya wucewa sai an tambaye shi daga ina yake, wurin wa ya zo, kuma da sanin wa. Mazauna wannan unguwa sun haɗu a kan magana guda, wato barcin mai gida yana rataye ne a kan idon mai gadi.

To, haka Allah cikin hikimarsa ya tsara jikin ɗan Adam. Ya zuba masa masu gadi a cikin jini, waɗanda likitoci ke kira garkuwar jiki, aikinsu dare da rana shi ne tantance ɗan gida da bare. Manufarmu a wannan ɗan rubutu ita ce mu ba mai karatu labarin abin da ya same mu lokacin da lalura ta sa aka kwantar da masu gadin jikin yayanmu da gangan, domin wata baƙuwa mai daraja ta sami wurin zama, da kuma abin da ya farka a cikin gidan bayan sun kwanta.

Da yake an san Maitama da masu hannu da shuni, ya kamata mu faɗi yadda muka tsinci kanmu a cikinta. Mahaifinmu ma'aikacin gwamnati ne da ya biyo ayarin da ya taso daga Legas sa'ad da aka mayar da fadar mulki Abuja a watan Disamba na 1991. Aka ba shi ɗan matsakaicin gida a bene, kuma da gwamnati ta fara sayar da gidajenta ga mazauna cikinsu a 2005, ya ci bashi ya saya. Wannan gida da wata gona ta gado a wajen Funtuwa su ne iyakar dukiyarmu. Saboda haka sunan unguwa ne kawai ya haɗa mu da maƙwabtanmu, aljihu bai haɗa mu ba.

A cikin shekarar 2017 ne babban yayanmu, wanda a lokacin yake da shekara 39 da mata da 'ya'ya uku, ya fara kumburin ƙafa da kasala da amai da safe. Gwaji ya nuna hawan jini ya daɗe yana cin ƙodarsa a ɓoye, har ƙodojin biyu sun gaza. Aka ɗora shi a kan injin wankin ƙoda, awa huɗu a kowane zama, sau uku a mako idan kuɗi sun samu, sau biyu idan sun yi ƙaranci. Wanda bai taɓa jinyar mai wankin ƙoda ba, bai san yadda ruwan sha ke zama abin aunawa da cokali ba. Muna kallo mutumin da ke ɗauke da gidanmu ya koma sai an riƙe shi kafin ya hau matakalar bene. Kafin shekara ta ƙare gonar Funtuwa ta tafi, likita kuwa ya gaya mana gaskiya cewa wanki jinkiri ne kawai, mafita ita ce dashe.

Aka gwada jininmu mu biyar, sai ga shi wadda ta fi dacewa da Yaya ita ce autarmu, budurwa 'yar shekara 26 da ta gama hidimar ƙasa ke nan. Nan fa gida ya rabu biyu. Gwaggonninmu suka ce ina aka taɓa yanka yarinyar da ba ta shiga ɗaki ba, wa zai aure ta, kuma yaya za ta ɗauki ciki da ƙoda ɗaya? Likitoci suka yi bayani cewa mai lafiya yana rayuwa da ƙoda ɗaya, mata da yawa sun haihu bayan sun bayar, illa dai ana ƙara sa musu ido a kan hawan jini lokacin goyon ciki. Baba ya tuntuɓi malamai, suka sanar da shi cewa Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta bayar da gaɓa kyauta idan ba za ta halaka mai bayarwa ba, ta kuma haramta sayarwa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ita ma ta hana cinikin sassan jiki. Duk da haka Yaya ya ƙi. Sai Auta ta durƙusa gabansa ta ce, "Yaya, kai ka biya mini kuɗin makaranta tun daga firamare ban taɓa ce maka a'a ba. Don Allah kada ka mayar mini da tawa kyautar." Inna ta share hawaye ta ce, "Ku bar ta. Ɗan'uwa rabin jiki ne."

Dashen ƙoda ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Asibitin St. Nicholas na Legas ya fara yi a shekarar 2000, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya bi baya a 2002, na Maiduguri a 2010, yanzu kuma a nan Abuja ma ana yi. Mu dai shawarar dangi ta tsaya a kan Indiya. Muka ba da gidan Maitama haya na shekara biyu, muka matsa cikin ɗakunan baya, abokan aikin Yaya da jama'ar masallaci suka yi karo-karo. A watan Maris na 2018 aka yi aikin, aka kuma dace. Bayan mako shida suka sauka a filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe, Yaya yana tafiya da ƙafarsa, fuskarsa ta washe, Auta na biye da shi tana dariya. A ranar an yi yanka an yi sadaka, kowa na cewa wahala ta ƙare.

Sai dai tare da su aka sauko da wata jaka cike da magunguna, da takarda mai ɗauke da ƙa'ida: takarolimus ƙarfe takwas na safe da takwas na dare, maikofenolet sau biyu, firednisolon da safe, har iyakar rayuwa. Dalili kuwa shi ne, masu gadin jiki ba su san zumunta ba. A wurinsu ƙodar Auta bare ce, kuma hukuncin bare shi ne kisa. Wannan ita ce katangar da ta daɗe tana tare likitocin duniya. Dashen farko da ya ɗore, wanda Joseph Murray ya yi a birnin Boston na Amurka ranar 23 ga Disamba, 1954, ya yi nasara ne saboda tsakanin tagwaye masu kama ɗaya aka yi shi, jikin ɗaya bai ɗauki ƙodar ɗaya a matsayin baƙuwa ba. Sauran jama'a sai da suka jira magani. A farkon shekarun 1960 aka fara amfani da azatayofirin. Daga baya aka samo saikulosforin daga wata fumfuna da aka ɗebo cikin ƙasar Norwe, aka amince da shi a Amurka a 1983, shi ne kuma ya mayar da dashe aikin yau da kullum. Takarolimus ɗin da Yaya ke sha an gano shi ne a 1984 cikin ƙasar da aka ɗebo a gindin dutsen Tsukuba na Japan. Dukkansu aikinsu ɗaya, su sanyaya wa masu gadi jiki don baƙuwa ta zauna lafiya.

A wata na uku masu gadin Yaya suka yi yunƙurin tashi. Gwajin jini ya nuna ƙodar ta fara ja da baya, aka tabbatar jiki ne ke neman korar ta. Aka kwantar da shi aka yi masa allurai masu ƙarfin gaske waɗanda ke share wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini kusan gaba ɗaya. Ƙodar ta farfaɗo, muka sake yin hamdala. Likitan ƙodarsa, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya kira mu gefe ya ce, "Daga yau duk zazzaɓin da ya ƙi tafiya, da duk kumburin da ya wuce mako biyu, ku kawo mini shi. Kada ku tsaya a kemis."

Cikin hunturun farkon 2019, wata goma bayan aikin, zazzaɓi ya kama Yaya. Aka gwada aka ga na cizon sauro ne, aka ba shi magani, ya lafa, bayan kwana biyar ya dawo. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne gumi. Ana tsananin sanyin da mutane ke kwana da rigar sanyi, amma matarsa sai ta canza zanin gado sau biyu kafin asuba. Wandunansa suka fara yi masa yawa. Inna ce ta fara lura da kumburin, wata rana yana alwala ya ɗaga haɓa, ta ce, "Zo nan. Wannan kaluluwar ta wuyanka tun yaushe?" Kowane Bahaushe ya san kaluluwa, ya san tana fitowa a hantsa ko hammata idan mutum ya yi rauni, tana ciwo, kuma tana bajewa idan raunin ya warke. Wannan kuwa ba rauni, ba ciwo, tauri gare ta, kuma kullum ƙara girma take. Washegari muna gaban likita. Da farko an yi zaton tarin fuka ne, domin a ƙasarmu shi ne ya fi kawo irin waɗannan alamu, musamman ga mai raunin garkuwa. Amma dattijon nan ya dage cewa ba za a ba shi maganin komai ba sai an ciro kaluluwar an duba ta a madubin likita. Aka ciro, aka aika da ita wani ɗakin gwaji a wajen Abuja, muka yi mako uku muna jira, mako ukun da ya fi mana shekara tsawo.

Ranar da sakamako ya fito, likita ya tara mu da Baba da Auta da matar Yaya. Ya ce abin da aka gani sankara ce ta kaluluwa, wadda a asibiti ake kira limfoma, kuma irin wadda ke biyo bayan dashe ce. Baba ya yi shiru can, sannan ya ce, "Likita, Allah ya gafarta maka, ƙodar ce ta zo da ita?" Auta ta sunkuyar da kai. Likita ya ce, "A'a, Alhaji. Ƙodar 'yarka lafiyayya ce. Ga dukkan alamu abin da ya tayar da wannan ciwo yana jikinsa tun yana goye. Maganin da muka ba shi don ya kare ƙodar, shi ya buɗe masa ƙofa." Nan muka gane abin da masu iya magana ke nufi da suka ce tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da biri an sayi kare.

Ga bayanin da ya yi mana, wanda daga baya muka bi diddiginsa. Akwai wata ƙwayar cuta ta bairos da ake kira Epstein-Barr. Ta yawu take yaɗuwa, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na manyan mutanen duniya suna ɗauke da ita. A nahiyarmu yawancin yara kan kamu da ita kafin su isa shiga makaranta, ba tare da wani ya sani ba. Idan ta shiga ba ta fita. Takan sami mafaka a cikin wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin B, tana zuga su su yi ta hayayyafa. Abin da ke taka mata birki shi ne wani rukunin, ƙwayoyin T, waɗanda ke sintiri suna kashe duk ƙwayar B da ta fara fanɗarewa. To, su waɗannan ƙwayoyin T su ne dai masu korar ƙodar da aka dasa, su ne kuma takarolimus da allurai masu ƙarfin nan ke kwantarwa. Ke nan mai gadin da ke hana baƙuwa zama shi ne kuma ke tsare da ɓarawon da ke ɗaure a cikin gida. Da aka sa shi barci, sai ɗaurarren ya kwance kansa.

Wani abin da ya ba mu mamaki shi ne, a nahiyarmu aka fara bin sawun wannan ɓarawo, kuma ƙasarmu tana da hannu a ciki. A 1958 wani likitan fiɗa mai suna Denis Burkitt, da ke aiki a asibitin Mulago na Kampala a Yuganda, ya bayyana wata sankara da ke kumbura muƙamuƙin yara, ya kuma lura ta fi yawa a yankuna masu zafi da damshi, inda daga bisani aka danganta ta da zazzaɓin cizon sauro. Daga tsokar da aka aika Landan ne Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano bairos ɗin a 1964, wanda shi ne na farko da aka alaƙanta da sankarar ɗan Adam. A Ibadan kuwa, a 1963, wani masani mai suna Pulvertaft ya raya ƙwayoyin wannan sankara da aka samu daga wani yaro ɗan Nijeriya, kuma har yau ana amfani da zuriyar ƙwayoyin nan a ɗakunan bincike na duniya. Victor Ngu, ɗan Kamaru da ya yi aiki a Ibadan, yana cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker a 1972 saboda maganin wannan ciwo. A ɓangaren dashe kuma, tun a 1969 Israel Penn da abokan aikinsa a Denver suka ba da rahoton limfoma a jikin waɗanda aka yi wa dashen ƙoda. Ashe ciwon da muka ɗauka sabon bala'i ne, likitoci sun shekara hamsin da saninsa.

Ya kamata a nan mu auna maganar da ma'auni, kada tsoro ya yi mana jagora. Wani babban nazari da aka buga a Amurka a 2011, wanda ya bi sawun dashe sama da 175,000, ya nuna cewa haɗarin kamuwa da sankara ga wanda aka yi wa dashe ya ninka na sauran jama'a kimanin sau biyu, na limfoma kuwa fiye da sau bakwai. Adadin yana da ban tsoro a kunne, amma da yake ciwon ba mai yawa ba ne tun asali, a cikin masu dashen ƙoda ɗari bai fi ya sami ɗaya ko biyu ba. Ya fi yawa ga masu dashen huhu da hanji, saboda maganinsu ya fi nauyi. Ya fi barazana ga yaron da bai taɓa haɗuwa da bairos ɗin ba sai aka dasa masa gaɓar mai ɗauke da shi, da kuma wanda aka yi wa allurai masu ƙarfi irin na Yaya. Yakan fi bayyana a shekarar farko, sannan ya sake ɗagowa bayan shekaru masu yawa, kuma na daga bayan sau da yawa ba ruwansa da bairos ɗin. Duk da haka, an daɗe da tabbatar da cewa wanda aka yi wa dashe ya fi wanda ya zauna a kan injin wanki tsawon rai da jin daɗin rayuwa, nesa ba kusa ba.

Mafi nauyin abin da muka fuskanta shi ne zaɓin da ya biyo baya. Likita ya ce matakin farko na magani shi ne a tayar da masu gadi, wato a rage maganin da ke danne su. Thomas Starzl da jama'arsa a Pittsburgh sun nuna tun a 1984 cewa irin wannan limfoma tana iya ja da baya idan aka yi haka. Amma mai gadin da ya farka ba zai tsaya a kan ɓarawo kaɗai ba, zai iya juyawa kan baƙuwa. Idan aka bar magani yadda yake, sankara ta ci gaba. Idan aka rage, ƙodar Auta na iya mutuwa, Yaya ya koma kan injin da ya cinye gonarmu, ita kuma ta tashi a tutar babu, da tabo a ciki da ƙoda ɗaya. Gaba kura, baya sayaki.

A daren nan ba wanda ya runtsa a ɗakunan bayan nan. Yaya ya ce shi ba zai yarda a taɓa maganin ba. Ya ce, "Amana aka ba ni. Da wane ido zan dubi yarinyar nan idan na bari jikina ya kashe abin da ta yanko daga nata?" Baba ya yi masa nasiha, Inna ta yi, bai motsa ba. Can Auta ta ce, "Yaya, ni fa ba ƙoda na ba ka ajiya ba. Kai nake so ka rayu. In ta tafi ta tafi, ta yi aikinta. Injin wanki yana nan, amma kabari ba a dawowa daga cikinsa." Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "To, Auta. Allah ya yi miki albarka." Da gari ya waye ya sa hannu a takarda.

Aka dakatar da maikofenolet, aka rage takarolimus kusan rabi, aka bar firednisolon. Da yake ragewar kaɗai ba ta wadatar ba, aka haɗa shi da likitan jini, wanda ya rubuta ritukzimab, maganin da aka fara amincewa da shi a 1997, wanda ke bin ƙwayoyin B yana kashewa. Kafin a sa masa sai da aka gwada shi ciwon hanta nau'in B, domin maganin yana iya tayar da shi idan yana kwance, kuma ciwo ne mai yawa a ƙasarmu. Ƙarin ruwa huɗu aka fara yi masa, mako-mako, kowanne kuɗinsa ya fi albashinsa na wata da wata. Motar Baba ta tafi, sarƙar auren Inna ta bi ta. Duk ranar Litinin kuma ana ɗibar jini a auna ƙarfin ƙodar, mu kuwa muna karɓar takardar kamar masu karɓar sakamakon jarrabawa. Bayan ƙarin ruwa na uku kaluluwar ta fara laushi. Da aka ɗauki hoto bayan na huɗu, ba a ga komai ba. Aka ƙara masa wasu huɗu a tsakanin mako uku-uku, bai kai ga buƙatar maganin sankara mai zubar da gashi ba, wanda shi ne mataki na gaba ga waɗanda wannan bai wadatar da su ba. Ƙodar ta ɗan raunana, amma ta tsaya.

Yau Yaya yana zuwa aiki. Auta ta yi aure ta haihu lafiya, gwaggonninmu ne ma suka fi kowa rawa ranar suna. Sai dai ba mu ce an gama ba, domin mai dashe da asibiti abokan tafiya ne har abada, kuma tafiyar tana ƙara tsada. Tun da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, farashin magungunan nan, waɗanda yawancinsu daga waje ake shigo da su, ya bi ta. A ɗakin jiran likita mun zauna da mutanen Gashuwa da Haɗeja da Kano, mun ji masu raba ƙwaya biyu don ta kai ƙarshen wata, da masu tsallake gwajin jini. Wannan kuwa wasa ne da wuta ta fuska biyu, domin magani ya yi kaɗan ƙoda ta tafi, ya yi yawa ƙofa ta buɗe wa cuta, kuma gwajin jini ne kaɗai ke nuna inda ma'aunin ya tsaya.

Saboda haka ga abin da muke so duk mai jinyar ɗan dashe ya riƙe. Kaluluwa marar ciwo da ta wuce mako biyu, zazzaɓin da ke dawowa bayan magani, gumin dare mai jiƙa shimfiɗa, rama ba dalili, duk alamu ne da ba a kwana da su. Ciwon kan ɓuya a hanji ko a ƙwaƙwalwa ko a cikin ƙodar da aka dasa, don haka ciwon ciki mai naci, ko jini a bayan gida, ko rikicewar tunani, su ma na gaban likita ne. Baƙaƙen tabo masu tasowa a ƙafa ko a dasashi na iya zama sankarar Kaposi, wadda ta fi addabar masu dashe a Afirka da ƙasashen Larabawa fiye da na Turai. Kada a rage magani ko a ƙara da ka. Kada a haɗa shi da jiƙo ko sassaƙe, domin ba a san yadda za su yi da juna a cikin hanta ba. Hatta maganin asibiti yana da nasa rikici, domin rifamfisin na tarin fuka yana zubar da ƙarfin takarolimus ƙwarai, har ƙoda ta salwanta idan ba a daidaita ba. Abin da ya tsare Yaya daga wannan shi ne dagewar likitansa a kan a duba tsoka kafin a ba da magani.

Akwai kuma wani nauyi da ya rataya a wuyanmu, mu ɗalibai da malaman harshen Hausa. Takardar da aka ba Yaya ya sa wa hannu kafin dashe ta ambaci wannan haɗari, amma da Ingilishi, cikin jerin kalmomin da ko mai digiri sai ya nemi ƙamus. Inna ba ta karanta takardar ba, amma ita ta gano ciwon, saboda harshenta ya ba ta kalmar kaluluwa, ya kuma koya mata yadda ta lafiya take. Da a ce an fassara wa iyaye irinta alamomin nan da harshen da suke mafarki da shi, aka karanta a rediyo, aka liƙa a ɗakunan wankin ƙoda daga Sakkwato har Maiduguri, da an ceci rayuka da kuɗin da bai kai na ƙarin ruwa ɗaya ba. Haka nan hukumomin lafiya, ya dace a sami kundin da ke bin sawun duk wanda aka yi wa dashe, a gida ko a waje, a kuma wadata manyan asibitocinmu da kayan tantance tsoka, don kada wani gida ya sake yin mako uku yana jiran amsa.

Ga wanda yake kan injin wanki yau, yana kuma da ɗan'uwan da ya miƙo masa ƙoda, ba mu rubuta wannan don mu karya masa gwiwa ba. Da za a mayar da mu 2018, da hanyar nan za mu sake bi, domin shekarun da Yaya ya samu, da yaransa da suka girma a gabansa, ba su da farashi. Abin da muke cewa shi ne a shiga da ido buɗe, a tanadi kuɗin magani da na gwaji kamar yadda aka tanadi na fiɗa, a kuma sani cewa ranar da aka sallamo majiyyaci, gadin da jikinsa ya ajiye ya koma hannun mutanen gidansa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu bayarwa da mafificin alheri, ya kuma ƙara wa likitocinmu basira. Amin.